Alƙalan da ake zaɓa a Amurka: ina kuɗin kamfe suke kai shari'a?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. A karatunmu na tsarin shari'ar Amurka na ga cewa jihohi da yawa da ƙuri'a suke zaɓen alƙalansu, kuma tun daga hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Citizens United a 2010 kamfanoni da ƙungiyoyi suna iya kashe ko nawa suka ga dama wajen tallata ɗan takara, muddin ba a hannunsa suka danƙa kuɗin ba. Shin hakan ya taɓa shafar wata shari'a a zahiri?

Barista Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ya taɓa, tun ma kafin 2010. A jihar West Virginia kotu ta umarci kamfanin haƙar kwal na Massey ya biya diyyar dala miliyan 50, sai shugabansa Don Blankenship ya kashe kimanin dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya shiga kotun ƙolin jihar. Benjamin ya ci zaɓen, da ƙarar kamfanin ta iso gabansa aka nemi ya janye daga shari'ar, ya ƙi, kuma da ƙuri'arsa aka soke diyyar, uku da biyu. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibi ne da ya janye. Ki lura ba a tabbatar da cin hanci ba. Haɗarin son kai kaɗai ya wadatar.

Malamin Siyasa:
Barista, ranka ya daɗe, wannan hukuncin bai magance komai sosai ba, domin ya tsaya ne kan abin da ya wuce gona da iri, kuma a jihohi da dama alƙalin da ake ƙorafi a kansa shi ne mai yanke ko zai janye. A zaɓen kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jihar Wisconsin a 2025 an kashe fiye da dala miliyan 100, Elon Musk da ƙungiyoyinsa suka zuba fiye da miliyan 20, amma Susan Crawford ta kayar da wanda suka mara wa baya, ita ma da nata manyan masu ba da gudummawa. Masu kuɗin yanzu rinjayen kotu suke nema kan shata mazaɓu da dokar zubar da ciki.

Barista Mai Ritaya:
Haka ne, Malam. Shi ya sa wasu jihohin suka bi tsarin da Missouri ta ɗauka a 1940: kwamiti ya tantace sunaye, gwamna ya naɗa ɗaya, daga baya jama'a su kaɗa ƙuri'ar ya ci gaba ko ya sauka. Sai dai ita ma wannan ƙuri'ar masu kuɗi sun gano hanyarta.