Yi wa Kyanwa Allurar Ciwon Sukari a Gida

Wata baiwar Allah daga cikin Hausawan Jidda ta nemi shawara kan kyanwarta da likitan dabbobi ya ɗora a kan insulin, wato maganin ciwon sukari, sau biyu a rana, kuma waɗanda suka saba da aikin sun ba ta amsa. Kowa ya yarda cewa allurar farko a gaban likita za a yi ta, domin hannu ya saba.

Sun ce a bari kyanwar ta ci abinci tukuna, sannan a ɗaga fatar da ke bayan kafaɗunta da yatsu biyu, a soka allurar a gindin wurin da ya tashi, a tura maganin, a shafa gashin a ji ko ya jiƙe. Idan ya jiƙe, alamar maganin bai shiga duka ba, kada a maimaita, a jira lokaci na gaba, saboda ninka magani ya fi tsallake shi haɗari. Wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci.

An ja kunne sosai kan sirinji, domin na U-40 da na U-100 (lambobin da ke nuna ƙarfin insulin) awonsu ya bambanta, dole ya dace da lambar da ke jikin kwalbar maganin. A ajiye maganin a firji ba tare da ya daskare ba, kuma da zafin Jidda kada a bar shi cikin mota.

In kyanwar ta fara tangaɗi ko makyarkyata, alamar sukarin jininta ya faɗi ƙasa sosai, a shafa mata zuma a dasashi, a garzaya da ita asibitin dabbobi.