Tsagewar bim da lotsawarsa: shawarar injiniyoyi

Wasu injiniyoyi da suka tattauna batun tsagewar bim, wato dogon kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗaukar nauyin gini, sun yi ittifaƙi cewa kankare na jure danniya, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na hakan ba. Shi ya sa da nauyi ya hau bim, siraran tsagu kan fito ta ƙasa a tsakiyarsa, rodi ya karɓi aikin, taurin bim ɗin kuma ya ragu sosai. Ƙa'idar ginin kankare ta Amurka, ACI 318, kashi 35 cikin 100 kacal na taurin bim marar tsaga take lissafawa. Nauyin da ya daɗe a kai kuwa yana iya ninka lotsawar cikin shekaru.

Sun ce a ƙara wa bim zurfi, kada a yi gaggawar cire tokara, kada a jibge bulo kan sabon dakin, wato rufin kankare. Ni dai tsaga mai karkata kusa da ginshiƙi ta fi damuna. Wannan a kira injiniya nan take.