Katin hoto mara fanka yana zafi, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta. A Samaru nake, nan Zariya. Na sa wa kwamfutata katin hoto (wanda ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo) GTX 1650 irin mara fanka, wanda ƙarafunan aluminiyam kaɗai ke zuƙe masa zafi. Na zaɓe shi ne don wat 75 kawai yake ci, inbata ta sola tana ɗaukarsa, kuma ba ya ƙara ko kaɗan.

Lokacin hunturu lafiya lau. Tunda zafin Afrilu ya shigo, ana cikin buga wasan ƙwallo na eFootball sai manhajar MSI Afterburner mai nuna zafin katin ta nuna digiri 85, katin ya rage gudu da kansa, 'yan wasa su riƙa tafiya suna tsayawa. Na hure ƙurar da ta cushe tsakanin ƙarafunan, na cire murfin gefen akwatin kwamfutar. Har fankar ɗaki na juya masa, ya ɗan sauka, amma in haka ne ina amfanin mara fankar?

Fanka ɗaya ce a akwatin, ta baya. Shin in ƙara ta gaba mai santimita 12 ta wadatar, ko gara in rage masa wutar da yake sha? Don Allah wanda ya gwada a irin zafinmu ya faɗa min.