Rular faika: wa ya taɓa aiki da ita?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Jiya ina gyara shagon marigayi mahaifinmu na tsinci wata rular ƙarfe, gefe ɗaya inci, ɗaya gefen kuma wasu zane-zane da ba santimita ba. Iyayenmu da kuka yi ɗab'i da haruffan dalma, yaya kuka yi da ita?

Tsohon mai jera haruffa, Sabon Layi: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Rular faika ce. Faika ma'aunin masu ɗab'i ce: faika shida ke ba da kusan inci ɗaya, kowace faika kuma foyin 12 ce, wato ma'aunin girman harafi. Da rular ake auna faɗin layi kafin a ɗauki harafi ko ɗaya. Makona na farko maigida ya ce in jera katin ɗaurin aure a faika 24. Ashe ƙananan zanen rabin faika ne, su na ƙirga, aikin ya fito inci biyu maimakon huɗu. Sunan ango ma ya ƙi shiga layi. Bai yi mini faɗa ba, sai ya sa na mayar da kowane harafi gurbinsa ɗaya bayan ɗaya, har isha'i. Tun daga ranar rulata ba ta bar aljihuna ba.

Mai maɗaba'a, Daura: Malam, tawa ta fi taka ciwo. Mun sayo tsofaffin haruffa 'yan Jamus, aka ce foyin 12 ne. Su kuwa ma'aunin Didot suke bi, irin na Faransa: foyinsu milimita 0.376, namu na Ingila 0.351. Da muka gauraya su a layi guda aka ɗaure, namu suka riƙa zamewa, nasu kuma da yake sun ɗan ɗara tsayi suna cin takarda. Rasit ɗin wani ɗan kasuwa gaba ɗaya ya lalace, ni na biya takardar.

Mai zane a CorelDRAW, Ƙofar Soro: Baba, mu a kwamfuta foyin 72 cif ke inci ɗaya, naku kuwa 72.27. Wani ya kawo tsohon fom in sake masa irinsa, na bi lambobin daidai, amma can ƙasan shafi layin ya kauce kusan milimita guda.

Tsohon mai jera haruffa: Ɗana na Ƙofar Ƙaura, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Kawo ta bayan la'asar in nuna maka yadda ake kafa ƙugiyarta a bakin layi.