Abin da Ke Hana Uwa Kai Yaro Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa Asibiti da Wuri

A tattaunawar iyaye mata masu yaran da raunin ƙwaƙwalwa ya sandarar musu da gaɓoɓi, kukan da ya fi yawa shi ne jinkirin kai yaro asibiti. Uwa ta ga ɗanta ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, sai uwar miji ta ce nawa ce, wasu su ce ɗan ruwa ne. Alhali sau tari sanadin lalurar doguwar naƙuda ce, ko ciwon shawara na jarirai, ko sanƙarau.

Shawarar da ta fi nauyi: a tafi tare da maigida ganin likita, domin izini da kuɗin mota suna hannunsa, kuma in ya ji da kunnensa surutun dangi yakan ragu.

Sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi, galibi sai manyan asibitoci, irin na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, nesa da mutanen karkara. Don haka uwa ta roƙi a koya mata motsa gaɓoɓin yaron ta riƙa yi a gida kullum. A ciyar da shi a zaune, ban da ɗura, kada abinci ya faɗa huhu. Mai farfaɗiya kuma kada a yanke masa magani sai likita ya ce.