Me ya sa jaridu ke fara gabatar da mace da iyalinta, namiji kuma da muƙaminsa?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda kafafen yaɗa labarai ke siffanta shugabanni. A watan Fabrairun 2021, lokacin da ake shirin naɗa Ngozi Okonjo-Iweala shugabar Hukumar Ciniki ta Duniya, wata jarida a Suwizalan ta kira ta "kaka" a kanun labarinta, alhali baiwar Allah nan ta riƙe ministar kuɗi ta Najeriya har sau biyu, ta kuma shafe shekara 25 tana aiki a Bankin Duniya. Daga baya an nemi afuwa. Shin sakacin edita ɗaya ne, ko ɗabi'a ce da ta yi jijiya a aikin jarida?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ban ga aibu a kiran mace uwa ko kaka ba, domin daraja ce, kuma masu karatu na son sanin rayuwar shugabanninsu. Ko maza ma akan ambaci iyalansu.

Hajiya Zainab:
Malam Sani, akan ambata, amma a ina? Iyalin namiji sai can ƙasan labari, bayan an gama lissafa ayyukansa, ita kuwa mace da su ake buɗe labarinta. A watan Maris na 2017, Theresa May, Firaministar Birtaniya a lokacin, ta gana da Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotilan a lokacin, a daidai lokacin da ake ta taƙaddama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da kuma makomar Sikotilan, amma jaridar Daily Mail ta cika shafinta na farko da gasar wadda ta fi kyawun ƙafa a tsakaninsu. A shekarar nan dai, Jacinda Ardern, 'yar siyasar ƙasar New Zealand, ba ta ko kwana biyu da zama shugabar jam'iyyarta ba, sai aka fara yi mata tambaya kan shirin haihuwa. Wannan ba girmamawa ba ne, kawar da hankalin jama'a ne daga cancantarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, halin da ake yaba wa namiji da shi a ce jajirtacce ne, idan mace ta nuna shi sai a ce taurin kai gare ta.

Malam Bashir:
Malama Hadiza, ina ganin ɗabi'a ce. Binciken da ake yi duk bayan shekara biyar kan kafafen labarai na duniya ya nuna cewa a 1995 mata su ne kashi 17 cikin ɗari na mutanen da ake ji ko gani a labarai, zuwa 2020 kuma kashi 25 kacal suka kai. Matuƙar ana ganinsu jefi-jefi, za a ci gaba da ɗaukar jinsinsu a matsayin labarin. Shawarata ga editoci ita ce, kafin su saki kanun labari, su sa sunan namiji a gurbin nata su sake karantawa. Idan ba za su iya buga shi a haka ba, to su gyara.