Zaman gaggawa na majalisa: a ƙara masa kaya ko a bar shi?

A wata tattaunawa da ƴan kasuwa da malaman makaranta suka yi a Garwa, a arewacin Kamaru, an yi ta muhawara kan ko ya dace a cusa ƙarin batutuwa idan majalisa ta kira zama na musamman. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya kayyade irin wannan zama a Majalisar Dokoki ta Ƙasa: bai wuce kwana 15, kuma sai da jadawalin da aka tsayar tun farko.

Mafi yawa sun ce a bar jadawalin yadda yake. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ƴan majalisa 180 ba za su karanta dokoki da yawa a ɗan wannan lokaci ba, sai a riƙa ɗaga hannu kawai. Wani dattijo ya ƙara da cewa batun da aka shigar a makare shi ne wanda jama'a ba sa ji sai ya zama doka. Nan na fi yarda da shi.

Masu son ƙari sun kawo ambaliyar kogin Logone da matsalar tsaro a yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar, abubuwan da ba sa jiran zaman da majalisa ta saba yi a Maris, Yuni ko Nuwamba. An amince da su, amma da sharaɗi: batu ɗaya tak, a sanar da shi a rediyo kafin zama, a kuma faɗi inda kuɗinsa zai fito.

An kuma ba majalisun yankuna, da aka fara zaɓa a Disamba 2020, shawara iri ɗaya.